An Ba 'Yarki Soshiyoloji a Jami'a: Me Za Ta Karanta, Ina Za Ta Yi Aiki?

Wadda ke bakin murhu ta ɗan rage wuta, wadda ke kitso ko ɗinkin hula ta gyara zama, domin maganar yau ta shafi karatun 'ya'yanmu mata, ta kuma shafe mu mu kanmu da muke cikin gida.

Kowace shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen ɗaliban da suka ɗauka, akwai gidajen da murna ke komawa ciki. Yarinya ta nemi karatun lauya, ko aikin jarida, ko tattalin arziki, sai ga sunanta ya fito a wani fanni wai shi soshiyoloji. Uwa ta tambaya, “Shi kuma mene ne wannan?” Yarinyar da kanta ta yi shiru, don ita ma ba ta sani ba. Kawunta ya zo ya ce ai wannan ba shi da aiki, ɓata shekara huɗu ne kawai. Mahaifinta ya ce to a haƙura, ko ta sake jarrabawa baɗi, ko kuwa ta fito da miji. Shi ke nan, gurbin da dubban yara suka nema suka rasa ya tafi a banza.

A zaure ake yanke irin wannan hukunci, amma kowa ya san maganar da uwa ta faɗa wa maigida cikin dare tana da nauyi. To uwargida, kafin ki ce a karɓa ko a bari, ya kamata ki san abin da ake magana a kai, tunda rashin sani ya fi dare duhu.

Mene ne soshiyoloji?

Da Hausa ana ce masa ilimin zamantakewar al'umma. Ilimi ne da ke nazarin yadda mutane ke zama tare: aure da saki, zumunci da maƙwabtaka, sarauta da talakanci, sana'a da kasuwa, birni da ƙauye, tarbiyya da lalacewarta. Yana tambayar me ke haɗa jama'a, me ke raba su, me ya sa al'ada ke sauyawa, wa ke cin riba idan ta sauya, wa kuma ke cutuwa.

Idan kin lura, babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙo a wurinki. Ran suna ko ran wuni, idan mata suka haɗu, me ake tattaunawa? Me ya sa auren yaran yanzu ba ya ƙarko? Me ya sa kayan ɗaki da lefe kullum ƙaruwa suke yi alhali kowa na kukan babu? Me ya sa adashin wasu ke shekara goma ba a ji kansu ba, na wasu kuwa zagaye ɗaya ya watse? Me ya sa yaran unguwa kaza suka faɗa shaye-shaye? Duk tambayoyin soshiyoloji ne.

Abin da ya raba hirar tsakar gida da ilimin jami'a shi ne hujja. A wurin biki wata za ta ce, “Ai wayar hannu ce ke kashe aure,” wata ta ce talauci ne, wata ta ce iyaye ne ke zuga 'ya'yansu. Kowa da misalin da ta gani a danginta. Mai ilimin zamantakewa ba za ta tsaya nan ba. Za ta zaɓi gidaje, a ce ɗari biyu, daga unguwanni daban-daban, na masu hali da na marasa hali. Ta tambayi matan da aurensu ya mutu da waɗanda nasu ke raye: shekarunki nawa aka yi miki aure, ke kika zaɓa ko zaɓa miki aka yi, mene ne sana'ar mijin, kina da taki sana'ar, da wa kuke zaune? Sannan ta ƙirga, ta kwatanta, ta ga abin da ya fi yawa. Wani lokaci binciken ya gaskata abin da kowa ke faɗa, wani lokaci kuma ya ƙaryata shi. Da irin wannan sakamako ne hukuma ko malamai ko masu unguwa za su san inda za su sa hannu.

Kada a haɗa shi da saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Shi wancan mutum ɗaya yake dubawa, tunaninsa da abin da ke cikin zuciyarsa. Idan yaro ɗaya ya kama shan ƙwaya, mai saikoloji zai nemi abin da ke damunsa. Idan kuwa yara hamsin ne a unguwa ɗaya, to magana ta koma hannun mai soshiyoloji: ina makaranta, ina aikin yi, wa ke sayar musu, ina iyaye da dattawa? Akwai kuma ɗan'uwansa na kusa, fannin jin daɗin jama'a, wanda ke koyar da yadda za a taimaki maraya, da mai naƙasa, da iyalin da suka shiga matsala. A wasu jami'o'in sashe ɗaya ne ke koyar da su, a wasu kuma an raba.

Daga ina ya samo asali?

Mutane da yawa sun ɗauka kayan Turawa ne zalla. Amma tun ƙarni na 14 wani malamin Musulunci, Abdurrahman Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya rubuta littafinsa Muƙaddima a 1377. A ciki ya yi bayanin yadda zaman ƙauye da na birni ke sauya halin mutane, da yadda haɗin kan dangi, abin da ya kira asabiyya, ke kafa daula, da yadda jin daɗi da almubazzaranci ke rusa ta bayan 'yan zuriyoyi. Har yau ana karantar da shi a jami'o'in duniya, kuma masana da dama na lissafa shi cikin waɗanda suka share wa fannin hanya.

Sunan soshiyoloji kuwa wani Bafaranshe ne, Auguste Comte, ya raɗa shi a 1838. Zamanin nan Turai na cikin ruɗani. Masana'antu sun janye mutane daga gonaki zuwa birane, dangi sun watse, ga cunkoso, ga talauci, ga laifuka. Masana suka tashi neman dalili. Cikinsu akwai Emile Durkheim na Faransa, wanda a 1897 ya fitar da bincike a kan masu kashe kansu. Ya tattara alƙaluma daga ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa abin ya fi yawa a tsakanin waɗanda ba su da ƙaƙƙarfar alaƙa da iyali ko jama'a. Wato zumuncin nan da muke raina wa, wani lokaci shi ke riƙe da ran mutum. Akwai kuma Karl Marx da Max Weber, dukansu Jamusawa. Waɗannan sunaye uku 'yarki za ta ji su har ta gaji.

A yau ana koyar da fannin a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero da ke Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da jami'o'in jihohi da dama. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da shi a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai.

Me ake karantawa a shekara huɗun?

Tsarin ya ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ga yadda ya fi yawa. A shekarar farko ana shimfiɗa tushe: ma'anar al'umma, al'ada, iyali, da ɗan abin da ya shafi tattalin arziki, siyasa da Turanci. A ta biyu a shiga tarihin masana da ra'ayoyinsu, da tsarin zaman ƙabilun Nijeriya, da lissafin ƙididdiga. A ta uku a koyi dabarun bincike: yadda ake tsara tambayoyi, yadda ake zaɓen waɗanda za a tambaya ba tare da son kai ba, yadda ake hira da mutum har ya saki jiki, da yadda ake riƙe sirrinsa. A nan ne kuma ake shiga rassa, kamar nazarin laifuka da hukunci, zamantakewa da kiwon lafiya, yawan jama'a da ƙaura, raya karkara, zaman ma'aikata a masana'antu, da al'amuran mata. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi zai zaɓi matsala guda, ya fita ya bincika, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamai.

Ki ja kunnen 'yarki tun yanzu a kan abu biyu. Na farko, wanda ya gudo nan don tsoron lissafi zai tarar da shi yana jiransa, domin ƙididdiga dole ce. Na biyu, karatu ne na yawan karance-karance da rubutu da Turanci. Mai ƙyuyar buɗe littafi za ta sha wuya.

Inda namiji ba ya shiga

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar ta shafe mu. A ƙofar gidajenmu da yawa an rubuta “Ba shiga.” Baligin namiji, komai iliminsa, iyakarsa zaure. To rabin al'umma kuwa suna bayan wannan zaure. Duk mai son sanin yadda ake haihuwa, da reno, da girki, da jinya, da sana'ar cikin gida a ƙasar Hausa, dole ya bi ta hannun mace.

Tun zamanin Turawa aka gane haka. Wani masani mai suna M. G. Smith ya zo lardin Zazzau bincike a 1949. Shi yana hira da maza a waje, matarsa Mary Smith ita ce ke shiga cikin gidaje. A nan ta haɗu da wata dattijuwa, Baba, mutuniyar Karo, ta zauna da ita tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta: ƙuruciyarta kafin zuwan Turawa, harin bayi, aure-aurenta, zaman kishi, ƙawance, goyo da riƙo. Littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har gobe duk mai nazarin matan Hausawa sai ya bi ta kansa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ga ta ana karanta maganarta a jami'o'in Ingila da Amurka.

Bayan nan wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960. Masana na kallon kasuwa a matsayin fili mai rumfuna. Ita kuwa ta lura cewa hatsi da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da dafaffen abinci masu yawa a cikin gidaje ake cinikinsu, daga hannun matar kulle zuwa hannun wata, yara na kai da kawowa. Ta rubuta wannan a 1969, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. A shekarun 1970 kuma wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta yi bincike a cikin birnin Kano. Ta nuna cewa yara su ne ƙafafun matar kulle: su ke talla, su ke cefane, su ke kai saƙo, kuma ribar tallan yarinya ita ke zama kayan ɗakinta. Saboda haka idan hukuma ta ce kowace yarinya ta tafi makaranta, kamar yadda aka yi da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, ba tare da an tanadi abin da zai maye wa uwa gurbin tallan ba, to an taɓa jarin uwa da gadon auren 'ya a lokaci guda. Wanda bai san wannan ba sai ya ce iyaye mata ne ba sa son ilimi.

Waɗannan mata sun fito ne daga fannonin da ke maƙwabtaka da soshiyoloji, irin su nazarin al'adun al'ummomi, kuma sun yi ƙoƙari. Amma ku duba, dukansu baƙi ne. Sai da suka koyi Hausa, ko suka nemi mai taimaka musu, kafin su fahimci abin da 'yar shekara goma a gidanki ta sani. Daga baya 'ya'yan ƙasa sun karɓa, kuma a yau akwai mata 'yan Arewa da ke koyar da fannin a jami'o'inmu, sai dai har yanzu ba su kai yawan da ake bukata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yarinyar da ta tashi a cikin gida ta san kunyar ɗan fari, ta san abin da mace ke nufi idan ta ce “ba komai” alhali akwai komai, ta san tambayar da ba a yi a gaban uwar miji ko kishiya. Wannan sani ba a sayar da shi a kanti. Idan aka ɗora masa horon jami'a, an sami ma'aikaciyar da baƙo ba zai iya maye gurbinta ba.

Ga misali biyu na yadda wannan ke ceton rai. A 1994 wasu masana mata biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka nuna cewa mutuwar mata wurin haihuwa na biyo bayan jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ku dubi na farkon. Maigida ya yi tafiya kuma ba a fita sai da izninsa. Ko haihuwar fari ce, yarinya na jin kunyar ta ce naƙuda ta zo. Ko tsofaffi sun ce a ƙara haƙuri. Likita ba shi da allurar wannan. Sai wadda ta san gidan, ta san wa ake roƙo, ta san cewa maigida zai iya barin izni tun kafin ya yi tafiya.

Na biyu, rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin da ya bazu a kansa, ba a dawo da shi a Kano ba sai 2004. Magani na nan, ma'aikata na nan, amma ƙofofi a rufe. Da aka zauna aka saurari jama'a sai aka ji dalilansu. Ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Suna kuma tambaya, me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali idan zazzaɓi ya kama yaro sai mun saya? Sai aka sauya salo, aka jawo sarakuna da malamai, aka ɗauki matan unguwa su riƙa shiga gidaje suna bayani, suna halartar suna. A watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga nahiyar Afirka. Sauraron jama'a da gano dalilinsu, shi ne aikin da ake koya a wannan fanni.

To ina ake aiki da shi?

Na ɗaya, ofisoshin jin daɗin jama'a na ma'aikatun harkokin mata da na ƙananan hukumomi. Su ke sasanta ma'aurata, su bi haƙƙin yaran da aka yi watsi da su, su kula da gidajen marayu da gidajen horon yara. A Kano akwai Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, inda mata ke kai ƙorafin aure kullum. Mace ta fi sakin jiki ta faɗi damuwarta ga 'yar'uwarta, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Na biyu, asibitoci. Manyan asibitoci na da sashen jin daɗin marasa lafiya, masu duba wanda ba shi da halin biya, da wadda dangi suka guje ta saboda yoyon fitsari, da mai jinyar da ke bukatar a shirya iyalinsa kafin a sallame shi.

Na uku, hukumomin ƙidaya da bincike, wato Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ƙidayar 2006 ce ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai. Akwai kuma babban binciken lafiyar iyali da ake yi bayan 'yan shekaru. A na 2018 an yi hira da mata sama da 40,000 masu shekara 15 zuwa 49, kuma mata ne ke yi wa mata tambayoyin. Wataƙila ma sun taɓa yin sallama a gidanki.

Na huɗu, hukumomin tsaro da gyaran hali: 'yan sanda, hukumar gidajen gyaran hali, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi wadda aka kafa a 1989, da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane wadda aka kafa a 2003. Binciken da aka yi a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Matar auren da ta kamu da shan maganin tari a ɗakinta, wa zai kai gare ta in ba mace ba?

Na biyar, ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa, na gida da na waje, irin su UNICEF, masu aiki a kan tamowa, ilimin 'ya'ya mata da 'yan gudun hijira. Suna ɗaukar masu wayar da kai, da masu tattara bayanai, da masu bin diddigin ko aikin ya yi amfani.

Na shida, koyarwa. Mai digiri za ta iya ƙara difilomar koyarwa ta shekara ɗaya, ta yi rajista da hukumar malamai, ta koyar a sakandare. Wadda ta fita da sakamako mai kyau kuma ta ci gaba zuwa digiri na biyu da na uku, ta zama malamar jami'a. Bayan waɗannan akwai sashen kula da ma'aikata a kamfanoni da bankuna, da gidajen rediyo da talabijin.

Gaskiyar da ba za a ɓoye ba

Ba zan yi miki daɗin baki ba, uwargida. Wannan digiri ba kamar na likita ko na jinya ba ne, da sunan aikin ke rubuce a jikin takardar. Masu kammala shi suna da yawa, guraben gwamnati kaɗan ne, aikin ƙungiyoyi kuma na kwantiragi ne, yana ƙarewa idan kuɗin shirin ya ƙare. Akwai masu wannan takarda da ke zaune a gida shekara da shekaru. Kawun da ya ce ba aiki, ba a banza ya faɗa ba.

Waɗanda ke samu, galibi su ne suka haɗa takardar da abin hannu. Tun tana aji biyu ta koyi kwamfuta sosai, musamman Excel da SPSS da ake lissafin bincike da su. Ta iya cike tambayoyi a waya, don yanzu an fi aiki da waya a kan takarda. Ta iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta. Ta kuma iya rubuta Hausa daidai, domin masu bincike na biyan kuɗi a juye musu hirar da aka naɗa zuwa rubutu, a fassara ta. Wannan na ƙarshen, da yin tambayoyi ta waya, ayyuka ne da mace za ta iya yi daga ɗakinta. Lokacin hutu kuma ta nemi wata ƙungiya ko ofishin jin daɗin jama'a ta yi aikin sa kai, don a san ta, ita ma ta san aiki.

Sai maganar fita. Wasu ayyukan na ofis ne, a tafi da safe a dawo da la'asar. Wasu kuwa sai an shiga ƙauyuka, har a kwana. Tun ran gini tun ran zane: idan manemi ya fito, a yi wannan magana a fili tun kafin a sa rana, a san abin da ya amince da shi da wanda bai amince ba.

Akwai kuma masu tsoron kada karatun ya taɓa aƙidar yarinya. Gaskiya ne za ta karanta ra'ayoyin mutanen da ba Musulmi ba, wasunsu ma ba su yarda da addini ba sam, kamar Marx. Ana karanta su ne don a san abin da suka ce, a auna, a ɗauki mai amfani a bar saura, kuma malaman da ke koyar da su a jami'o'inmu da yawansu Musulmi ne masu riƙo da addininsu. Abin da ke kanki shi ne ki tabbata ta sami tushe a Islamiyya, kuma idan ta dawo hutu ki zauna da ita ki ji abin da ake koya mata.

Yadda ake shiga

Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, sauran daga darussa irin su gwamnati ko tarihi, tattalin arziki, da labarin ƙasa. A jarrabawar JAMB za ta rubuta Turanci da wasu darussa uku na wannan ɓangare. Kowace jami'a na da nata ƙarin sharaɗi, don haka a duba littafin JAMB na shekarar kafin a cike. Karatun shekara huɗu ne. Mai difiloma ko sakamakon IJMB da jami'ar ta amince da shi za ta iya farawa daga aji biyu, ta yi uku.

Bayan kammalawa akwai hidimar ƙasa ta shekara ɗaya. Matar aure na da damar neman a bar ta a jihar da mijinta yake, wadda kuma ta haura shekara 30 kafin ta kammala ana ba ta takardar yafewa. Ta fuskar kuɗi, dokar 2024 ta kafa asusun NELFUND mai ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa.

Ke ma uwargida da kika gama sakandare aka yi miki aure, ƙofa ba ta rufe ba. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, tana da cibiyoyi a jihohi, tana kuma koyar da fannonin da ke kusa da wannan, kamar nazarin laifuka da tsaro, da nazarin zaman lafiya da sasanta rikici. Yawancin karatun a gida ake yi, sai jarrabawa a je cibiya. Da yardar maigida da ɗan tsari, mai goyo ma na iyawa.

Saboda haka idan aka ba 'yarki wannan fanni, ku zauna ku uku, ke da ita da mahaifinta. Ku dubi halinta: tana da haƙurin sauraron mutane? Tana da riƙon sirri? Tana son sanin dalilin abu? Idan haka take, a bar ta ta je, a kuma taya ta da addu'a. Idan ta zo rubuta kundinta na ƙarshe ta rasa abin da za ta bincika, ki ce ta dubi adashinku, ko bikin da kuke yi wa juna, ko tallan ƙannenta. Ta fara tambaya daga kanki.

A nan za mu dakata. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu.